Fuskar Mamaci a Teburin Gwanjo: Yadda Marufan Gawawwakin Masar Suka Zama Haja

Duk wanda ya saba duba hotunan kayan tarihin Masar da ake sa wa a gwanjo a Landan ko Faris ko Niyu Yok, ya san wata haja da ba ta yankewa a kasuwar: fuskar mutum, wata ta katako, wata ta ƙyalle mai tauri, idanu a buɗe an zagaye su da baƙi kamar an rambaɗa kwalli, an kafa ta bisa ɗan sandan ƙarfe don ta zauna daram a kan teburin falo. Masu gwanjo gabanta suke nunawa. Ni kuwa bayanta ne ya fi ɗaukar mini hankali. In ta katako ce, za ka tarar da bayan a shafe, da 'yan ramuka inda turaku suka riƙe ta da murfin akwatin gawa, wani lokaci ma guntun turken yana nan a karye cikin ramin. In ta ƙyalle ce, za ka ga gefenta a yage ko a datse, inda aka raba ta da ɓangaren da ya sauko kan kafaɗu da ƙirji. Wato wani ya sa hannu ya ɓamɓare ta daga inda masu ita suka ajiye ta, domin fuska ta fi akwati sauƙin shiga jaka, ta kuma fi shi saurin samun mai saye.

Kafin a shiga maganar ciniki, ya kamata a san abin da aka yi ta dominsa. Masarawan dauri sun yi imani cewa mutum ba ya ƙarewa muddin jikinsa yana nan. Wani ɓangare na ruhinsa, wanda suke kira ba, suke kuma zana shi kamar tsuntsu mai kan mutum, yakan fita yawo sannan ya komo wurin gawar. Shi ya sa suke ɓata kwana 70 wajen gyaran gawar mai hali: a cire kayan ciki, a busar da jiki da gishirin natron, ɗan'uwan kanwar da muka sani, a shafe shi da ƙaro da mayuka, sannan a naɗe shi da ƙyallen lilin har fuska ta ɓace. To, da fuska ta ɓace cikin naɗi, sai a yi masa wata a ɗora a kai, wadda zai gani da ita, ruhinsa kuma ya gane gidansa. Ba sa damuwa sai ta yi kama da shi sak. Tsoho ya mutu, a yi masa fuskar saurayi. Fatar a yi mata ruwan zinariya, gashin a yi shi shuɗi, domin a imaninsu naman allolinsu zinariya ne, gashinsu kuma shuɗin dutsen lazuwardi. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suke tsoro shi ne mamaci ya tashi babu kai a lahira. A cikin tarin addu'o'insu da ake kira Littafin Matattu akwai babi guda na neman kada a sare wa mutum kai, akwai kuma babi na 151 wanda ake yi wa ita fuskar kanta, ana danganta kowace gaɓa tata da wani abin bautarsu: idon dama jirgin dare, idon hagu jirgin rana.

Wannan babin ne aka rubuta a bayan fuskar da duniya ta fi sani, ta Fir'auna Tutankhamun, wanda ya rasu yana ɗan shekara 18 ko 19 wajen shekara ta 1323 kafin haihuwar Annabi Isa. Howard Carter, wani masanin tonon tarihi ɗan Ingila, ya gano kabarinsa a watan Nuwamba na 1922, amma bai kai ga fuskar ba sai a watan Oktoba na 1925, da aka buɗe akwati na ciki. Zinariya ce ta fi kilo 10, tsawonta santimita 54, an yi mata ado da duwatsu masu daraja da gilashi mai launi. Ƙaron da aka kwarara wa gawar ya daskare ya manne ta da kan sarkin, har sai da aka sa wuƙaƙe masu zafi kafin a raba su, kuma a cikin wannan aiki aka raba kan da gangar jiki. Abin da addu'ar take neman tsari da shi, shi ya faru bayan shekara dubu uku da ɗoriya, a hannun masana ma ba ɓarayi ba.

Irin wannan ba ta shiga kasuwa. Ita da ta Fir'auna Psusennes na Ɗaya, wadda Pierre Montet ya haƙo a Tanis a 1940, suna hannun gwamnatin Masar. Waɗanda ake saye da sayarwa na masu matsakaicin hali ne: malaman gidajen bauta, marubuta, matan attajirai, manyan ma'aikata. Yawancinsu da abin da masana ke kira kartonaj aka yi su. Ana jera ƙyallen lilin bisa ƙyalle a kan wani abu mai siffar kai, ana shafa danƙo da farar ƙasa, in ya bushe ya yi tauri kamar ƙwarya sai a yi masa fenti, mai kuɗi a lulluɓe masa da ɗan siririn ganyen zinariya. An shafe fiye da shekara dubu biyu ana wannan sana'a, ta kuma fi yawa a zamanin Girkawa da suka mulki Masar bayan zuwan Iskandar a shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa, da zamanin Rumawa da suka gaje su. A lokacin Rumawan ne aka koma yin fuskokin filasta, da kuma zanen fuska a kan siririn allo da fenti haɗe da kakin zuma, waɗanda ake kira hotunan Fayum. Su kam suna kama da mutanen gaske, har da furfura da 'yan kunne. Flinders Petrie ya haƙo da yawa a Hawara a 1888, amma shekara guda kafin haka wani dillali ɗan Biyana mai suna Theodor Graf ya riga ya saye tarinsu daga hannun masu tono, an zare su daga gawawwakin, an watsar da sauran.

Anan ne maganar take da sarƙaƙiya, domin ba duk fuskar da ke wajen Masar ce ta sata ba. Gaskiya ne tun 1835 Muhammad Ali Fasha, mai mulkin Masar a lokacin, ya ba da dokar hana fitar da kayan tarihi, amma dokar ba ta yi ƙarfi ba, kuma daga baya gwamnati da kanta ta riƙa ba dillalai lasisi. Akwai shaguna a Alƙahira da Luksor da ke sayarwa a fili da takardar izinin fita. Gidan tarihi na Alƙahira kansa yana da ɗakin sayar da rarar kaya har cikin shekarun 1970. Akwai kuma tsarin kaso, inda Turawan da suka yi tono ake ba su wani rabo daga abin da suka samu su tafi da shi. Dubban kaya sun fita ta waɗannan ƙofofi da yardar hukumar wancan lokaci, ko da yake mai adalci zai tuna cewa shekaru da dama hukumar kayan tarihin tana hannun Faransawa, ƙasar kuma tana ƙarƙashin Ingila. Ƙofar ta rufe ne a 1983, da doka mai lamba 117 ta ce duk kayan tarihi mallakar ƙasa ne, ta kuma haramta cinikinsu. A wajen Masar kuwa, shekarar da gidajen tarihi suka ɗauka a matsayin iyaka ita ce 1970, lokacin da hukumar UNESCO ta tsara yarjejeniyar hana fataucin kayan al'adu ta haramtacciyar hanya.

Saboda haka tambayar da ke kan kowace fuska guda ce: yaushe ta fita, ta hannun wa? Ɗalibin hadisi zai fahimci wannan nan take, domin maganar isnadi ce. Wane ya saya daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga ramin da aka haƙo ta ko takardar da ta ba ta izinin fita. In sarƙar ta tsinke a tsakiya, ko aka sami wanda ba a san ko wane ne ba a cikinta, ruwayar ta yi rauni. A kasuwar kayan tarihi kuwa raunanan ruwayoyi sun fi ingantattu yawa nesa ba kusa ba. Kalmomin da za ka fi cin karo da su a takardun gwanjo su ne: daga tarin wani attajiri a Suwizalan, ko an same ta kafin 1970, ko gadon wani iyali ne a Turai. Babu suna, babu rasit, babu tsohon hoto. A kasuwar shanu ma, in baƙo ya zo da saniya ba wanda ya san shi, ba dillalin da zai tsaya masa, mai hankali ba ya taya ta komai arharta.

Shari'ar fuskar Ka-Nefer-Nefer ta nuna yadda abin yake tun daga tushe. Ka-Nefer-Nefer wata mace ce mai daraja da ta rayu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Wani masani Bamasare, Muhammad Zakariyya Goneim, shi ya haƙo fuskarta a Sakkara a 1952, ya rubuta ta a rajista, ya kuma buga hotonta. Fuskar tana da idanun gilashi, da hannaye biyu a harɗe a ƙirji. Takardun hukumar Masar sun nuna an ajiye ta a ma'ajiyar Sakkara, an kai ta Alƙahira a 1966 cikin wani akwati mai lamba 54, sannan da aka yi ƙidayar kayan akwatin a 1973 sai aka tarar babu ita. Shi Goneim bai ga wannan ba, domin ya rasu tun 1959, an tsinci gawarsa a Kogin Nilu a lokacin da ake zarginsa da ɓatan wani kaya na daban, wanda daga baya aka same shi a cikin gidan tarihin Alƙahira. Shekara 25 bayan waccan ƙidaya, a 1998, gidan adana kayan fasaha na birnin Sent Luwis a Amurka ya sayi fuskar a kan dala 499,000 daga kamfanin Phoenix Ancient Art, da labarin cewa ta daɗe tana yawo a hannun masu tara kaya a Turai. A 2006 Zahi Hawass, shugaban hukumar kayan tarihin Masar a lokacin, ya nemi a dawo da ita. Gidan ya ƙi. A 2011 gwamnatin Amurka da kanta ta shigar da ƙara tana neman ƙwace fuskar. Alƙali ya kori ƙarar a 2012, hujjarsa ita ce gwamnati ta nuna abu ya ɓata amma ba ta faɗi wanda ya sace shi ba, ko yaushe, ko ta yaya. Da aka ɗaukaka ƙara, kotun sama ta tabbatar da korar a 2014, saboda lauyoyin gwamnati sun bari wa'adin gyara takardunsu ya wuce. Ba a taɓa zama an auna hujjar Masar da ta gidan ba. Fuskar tana Sent Luwis.

Abin da ke ci mini rai a wannan shari'a shi ne, wannan fa ita ce mai rajista, mai hoto, wadda aka san sunan wanda ya haƙo ta da shekarar. In ita ba ta komo ba, ina ga wadda aka tono da dare, wadda babu littafin da ya taɓa ɗaukar sunanta? Ana duba rumbunan bayanai na kayan sata kafin a sayar, kuma dillalai suna alfahari da takardar da ke cewa ba a same ta a jerin ba. Amma abin da ke cikin ƙasa tun zamanin Fir'auna, wa zai kai rahoton ɓatansa?

In isnadi ya gagara, sai a ƙirƙira shi. A shekarun 1990 wani Bature ɗan Ingila mai gyaran kayan tarihi, Jonathan Tokeley-Parry, ya riƙa shafe kayan gaske da narkakkiyar roba yana yi musu fenti mai ƙyalli, su koma kamar tsarabar da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, ya wuce da su ta gaban kwastan. In ya isa gida sai ya wanke. Shi da wani babban dillali na Niyu Yok, Frederick Schultz, suka ƙirƙiro wani tsohon mai tara kaya suka ce tun shekarun 1920 kayan suke hannunsa, suka buga 'yan takardun manni, aka jiƙa su da ruwan shayi aka gasa don su yi kamar sun tsufa. An ɗaure Tokeley-Parry a Ingila a 1997, aka sami Schultz da laifi a Amurka a 2002, kuma shari'arsa ta tabbatar da cewa kotunan Amurka za su ɗauki abin da aka fitar a saɓa wa dokar 1983 a matsayin kayan sata.

Jabun ba a takarda kaɗai ya tsaya ba. Fuskar kartonaj tana da sauƙin kwaikwayo, kuma tsohon lilin da tsohon katakon akwati ba su da wuyar samu ga wanda ke kusa da maƙabartun. Sai a sassaƙa sabuwar fuska a tsohon katako, gwajin shekaru ya ce katakon na dauri ne, alhali sassaƙar ta jiya ce. Wata kuma ta gaske ce amma rabinta cikon zamani ne, an sake zana mata ido da gira don ta yi farin jini. Fitilar da ke tona sabon fenti da hoton da ke ratsa ciki suna kama wasu. Wanda aka tono a gaban masana, aka rubuta inda aka same shi, shi kaɗai ne ba ya bukatar rantsuwa.

Akwai wani nau'in ɓarna da ya fi waɗannan ban takaici. A zamanin Girkawa masu yin kartonaj kan sayi tsofaffin takardun fafiras (takardar da ake yi da wata ciyawar bakin kogi), wasiƙu da rasit da takardun haraji, su yi amfani da su a madadin lilin. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masana suka gane haka, suka riƙa warware su don karanta rubutun. A 'yan shekarun baya sai wasu masu neman tsofaffin rubuce-rubucen Littafi Mai Tsarki a Amurka suka riƙa sayen fuskokin suna jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu a gaban jama'a, ana ɗauka a bidiyo, fenti yana narkewa, fuska tana zama dagwalo, ana ɓare ta falle-falle da fatan a ci karo da wata aya. Har aka yi ta yaɗa cewa an sami guntun Linjilar Markus na ƙarni na farko a cikin irin wannan fuska. Da aka buga guntun a 2018 sai ga shi ba daga fuska ya fito ba, daga wani tsohon tono ne da aka yi a Oksirinkus, wani tsohon birni na Masar, kuma na ƙarshen ƙarni na biyu ne ko farkon na uku. An riga an daina sa fafiras a fuskar gawa kafin a rubuta Linjilar ma. Fuskokin da aka narkar kuwa sun tafi ke nan.

Masu tara kayan suna da tasu hujjar, kuma bai kamata a toshe kunne ba. Suna cewa mu muke adana su a ɗaki mai sanyi, mu muke biyan masu gyara, daga hannunmu kuma yawancinsu ke ƙarewa a gidajen tarihi. Suna nuni da gidan tarihin Mallawi da aka wawushe a watan Agusta na 2013, aka kwashe kaya wajen dubu. Suna tuna wa mutane gemun fuskar Tutankhamun da ya ɓalle a 2014 aka manna shi cikin gaggawa da gam mai ƙarfi, har sai da wani gwani Bajamushe, Christian Eckmann, ya shafe makonni a 2015 yana kankare gam ɗin kafin a mayar da gemun da kakin zuma. Duk wannan ya faru. Suna kuma cewa manomin da ya tono rami a bayan gidansa ba mu muka aike shi ba. Anan ne ban yarda ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna yadda ramukan masu tono suka yawaita a maƙabartu irin su Lisht da El-Hiba da Abu Sir al-Malak, musamman bayan juyin juya halin 2011, kuma waɗanda suka ziyarci wuraren sun tarar da ƙasusuwa da yagaggun likkafani da allunan akwati a warwatse. Ba wanda zai shiga rami mai zurfi da dare, ga dokar da aka tsaurara a 2018 har ta kai ɗaurin rai da rai ga mai fasa-ƙwaurin kayan tarihi, in bai san akwai mai saye ba. Har a Facebook an riƙa tallar su a rukunoni, kafin kamfanin ya haramta cinikin kayan tarihi a shafinsa a 2020. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan: haka aka yi wa ƙasar Nok a kudancin Kaduna da ta Bura a Nijar, aka yashe su saboda gumakan yumɓu da ake nema a Turai.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Fuskar da ke da takardar izinin fita ta gaske, ko tsohon hoto, ko rajistar gwanjo mai kwanan wata da ke nuna ta bar Masar tun ana halatta hakan, doka ta yarda a mallake ta, ko da zuciyata ba ta kwanta da ganin fuskar mamaci a gefen talabijin ba. Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, mai sayenta ya sani cewa kuɗinsa na iya zama ladan wanda zai tone kabari na gaba. Takardar ma sai an bi ta da ido biyu, domin manya sun faɗa.

A 2017 babban gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyu Yok ya biya kusan dala miliyan 4 ya sayi akwatin gawar wani malamin gidan bauta mai suna Nedjemankh, na ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, lulluɓe da zinariya tun daga fuska har ƙafa. Dillalin da ke Faris ya kawo takardar izinin fita mai ɗauke da shekarar 1971. Aka shirya masa baje koli na musamman. A bikin gidan na 2018 Kim Kardashian, tauraruwar talabijin ta Amurka, ta tsaya kusa da shi cikin riga mai ruwan zinariya aka ɗauke ta hoto, hoton ya zaga duniya, ya kuma taimaka wa masu bincike na ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan wajen haɗa akwatin da hotunan da masu tono suka ɗauka yana fitowa daga ƙasa. Ashe a 2011 aka tono shi a yankin Minya, aka bi da shi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Jamus zuwa Faransa. Takardar jabu ce, har sunan ƙasar da ke jikinta Masar ba ta fara amfani da shi ba tukuna a watan da aka rubuta. Gidan ya rufe baje kolin ya miƙa akwatin, aka mayar da shi Masar a watan Satumba na 2019. Gawar mai shi ba ta cikinsa, masu tonon sun jefar da ita. Abin da ya rage na Nedjemankh shi ne ƙashin yatsa guda da ya manne a cikin akwatin.